Cikin Da Ba A Ambata Ba

"Wallahi ba ni zuwa asibiti, Wumbei... ka bar ni in warke a nan."

Kwana uku ke nan zazzaɓin cizon sauro yana murƙushe Tiyumba, haƙora na haɗuwa cikin rana tsaka. Mijinta Wumbei ya roƙa, ya yi faɗa, har ya durƙusa. Ta ƙi.

Ba allura take tsoro ba. Cikin fari gare ta, wata huɗu, kuma a wurin ƙabilarsu ta Dagombawa ba a ambaton cikin fari sai 'yar'uwar miji ta zo ta yi al'ada, ta faɗa wa matar da bakinta. Wanda ya riga ta faɗa, an ce cikin zubewa yake yi. Ga Sanatu, yayar Wumbei, tana can Kumasi wurin kasuwancinta, kullum sai ta ce sati mai zuwa. Sati mai zuwan da ba ya zuwa!

Shi ya sa Tiyumba ko awo ba ta taɓa zuwa ba. Surukarta ta dafa mata ganyen darbejiya, ta ce haka suka haifi nasu, ta kuma gargaɗi ɗanta kada ya kuskura ya jawo wa gidan asara.

Da la'asar Tiyumba ta faɗi bakin randa. Wumbei bai sake neman izinin kowa ba, ya ɗaura ta a bayansa da zane, ya tayar da babur.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗibi jininta ta gwada, ta ce zazzaɓin ya yi ƙarfi. Sai ta ɗago kai ta tambaya ko akwai ciki, don kulawar mai ciki daban ce.

Tiyumba ta sunkuyar da kai. In ta faɗa, ta kashe ɗanta da bakinta. In ta yi shiru, ƙila zazzaɓin ya kashe shi. Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Tana da shi," in ji Wumbei daga bakin ƙofa. "Wata huɗu."

"Wumbei... me ka yi mana?"

"Masoyiyata, in laifi ne, ya hau kaina. Ba zan tsaya ina kallo in rasa ku biyun ba."

Ta dafe mararta da hannu biyu tana jiran jini. Aka kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗora wata ƙaramar na'ura a cikinta. Shiru. Ma'aikaciyar ta matsar da na'urar gefe. Shiru dai. Wumbei ya riƙe ƙarfen gado, har addu'a ta ɓace masa.

Can sai ga wani sauti, ƙarami mai sauri, dif-dif-dif, bugun zuciyar ɗan.

Tiyumba ta fashe da kuka, ta kamo hannun mijinta ta ɗora a cikinta.

"Ya ji ka faɗa," ta ce, "kuma bai tafi ba."