A Fara Kwashe Gangunan

Ƙarfe uku da kwata na rana aka bugo wa ofishin 'yan sanda waya cewa Hedimasta Tokuji ya mutu a ɗakin bayan gidansa. Shekararsa goma sha ɗaya da barin aiki, amma har yanzu ba mai kiran sunansa gatsau, don rabin garin ta hannunsa suka bi. Shi kansa Sufeto Nagamine ya sha jan kunne a wurinsa.

Sufeto ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shiga. Matar gidan, Fumie, 'yar tsohuwa siririya, tana durƙushe a kan tabarma. Ko gaisuwa ba ta bari ya ƙarasa ba, ta miƙo masa hannuwanta biyu a haɗe.

"Ni na kashe shi. Ka tafi da ni."

"Haba Mama, sauke hannunki. Me kika yi masa?"

"Ya ce zai ɗan kishingiɗa a ɗakin baya, can ne da na'urar sanyi. Na ja masa ƙofa, na toshe ƙasanta da tawul kamar kullum, na tafi cefane. Ni na hana shi iska."

"Wani ya zo gidan nan yau?"

"Babu kowa."

Nagamine ya ciro littafinsa daga aljihu. Dole ya rubuta abin da ta faɗa, kuma in bai samo wani bayani ba, da wannan tsohuwar zai koma ofis. Abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Ɗakin bayan ɗan tsukut ne, shimfiɗar mamacin tana ƙasa. Taga a buɗe take, amma gefenta duk ragowar salatif ne, alamar an daɗe da liƙe ta sai yau aka ɓalle. Wani wari ya buge shi kamar na ƙullu da ya yi tsami. Ya buɗe kabad ɗin bango, ya ga wayam, sai shatin zagaye guda huɗu da suka lotsa tabarmar.

Bai buƙaci a yi masa karatu ba, shatin gindin gangunan giya ne. Doka ba ta yarda mutum ya dafa giya a gida ba, ko da cikinsa kaɗai zai zuba wa. Duk da haka tsofaffi nawa ne suke jiƙa sha'ir a ɓoye, su dura a 'yan gangunan ƙarfe, su yi ta taƙama a tsakaninsu? Kowa ya sani, kowa yana kau da kai. Sai dai bai taɓa kawo Hedimasta a ciki ba.

Likitan 'yan sanda ya ja shi gefe.

"Babu rauni. Ina zargin iskar nan da ake matsa wa giya don ta yi kumfa. Ba ta da wari, kuma nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya kamar ruwa. In tiyon tukunyar gas ɗin ya fita, mai barci a ƙasa shi za ta fara samu."

"Nan take ya mutu?"

"Da wuya. Ga alama zuciyarsa ta daɗe tana kokawa. Da an sa masa iskar asibiti a kan lokaci, da yanzu yana nan yana yi mana faɗa."

Nagamine ya leƙa kicin. Kofuna biyu na shayin sha'ir mai sanyi suna kan faranti, kusa da su ga kwanon awara sabuwa fil, da sunan shagon Okuda a jikin murfin.

"Mama, wa ya sha kofi na biyu?"

"Ni."

"Duka biyun?"

"Zafi ake yi, ɗan nan."

"Gangunan fa? Kowace ta kai rabin nauyinki. Ke kika fitar da su?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shekara talatin yana koya wa yara bin doka," ta ce a hankali. "Ka bar masa sunansa. Ni dai ga ni."

Okuda mai awara yana wanke bokitai sa'ad da Sufeto ya shiga shagonsa. Tsoho ne kakkaura, hannuwansa sun yi fari fat don zama cikin ruwa.

"Baba, yaushe rabonka da Hedimasta?"

"An yi mako."

"Ashe awararka tana da ƙafa? Ta yau ce na gani a kicin ɗinsa."

"Wataƙila matarsa ce ta saya."

"Kuna dafa giya tare?"

"Giya? Yallaɓai, ni waken suya na sani."

"To buɗe mini ɗakin sanyi."

Okuda ya daɗe yana goge hannu kafin ya buɗe. A bayan bahunan awara ga ganguna huɗu a jere, ga tukunyar gas da tiyonta yana reto. A jikin kowace ganga an liƙa takarda da kwanan wata, da wannan rubutun mai kyau da Nagamine ya sani tun yana aji uku.

Tsohon ya zauna a kan bokiti.

"Ƙarfe biyu na je kai musu awara. Na ƙwanƙwasa shiru, sai na shiga. Ina buɗe ɗakin jiri ya ɗebe ni. Na ɓalle taga, na kashe gas."

"Yana numfashi?"

"Yana yi. Da ƙyar, amma yana yi."

"Me ya hana ka kiran motar asibiti?"

"Alkawari muka yi." Ya dubi gangunan. "Shekara goma muna wannan abu. Shi ya kawo maganar, ya ce duk wanda ya faɗi a cikinmu, ɗayan ya fara kwashe gangunan kafin baƙi su shigo. Kullum muka ɗaga kofi sai ya maimaita, mu yi dariya. Na ce minti biyar ne, in kwashe in kira. Yallaɓai, ƙafafuna ba na da ba ne. Sawu biyar na yi."

"Matarsa fa?"

"Ina fitowa da ta uku ta dawo daga cefane. Ta ce ina za a kai su? Na ce na'urar ɗakin ba ta sanyi sosai, shi kuma barci yake, kada ta tashe shi. Ta riƙe mini ƙyauren waje har na gama. Ta zuba mini shayi, na shanye a tsaye. Da na koma ɗakin ya riga ya cika, sai na gudu."

Nagamine ya ji kamar ya girgiza shi. Duk wannan a kan laifin da shi kansa da ya gani zai yi kamar bai gani ba! Amma wa zai yi wa ihu? Wanda ya kafa sharaɗin yana kwance a asibiti an lulluɓe shi.

"Tashi mu je, Baba. Ka ga mutum yana neman rai ka bar shi."

Bai sa masa ankwa ba. Okuda ya cire rigar aikinsa, ya ninke, ya shiga bayan mota da kansa.

A hanya Sufeto ya tsaya a gidan Hedimasta. Ya tarar da Fumie a bakin ƙofa ta sa takalmi, da 'yar jakar kayanta a hannu.

"Ajiye jakar, Mama. Ba inda za ki. Tiyon gas ne ya fita, kuma wanda ya same shi bai kira taimako ba. Babu laifinki a ciki."

Ta dubi motar. Okuda ya kifa fuskarsa a kan gwiwoyinsa.

"Ɗan nan, abu ɗaya zan tambaye ka. Lokacin da na riƙe masa ƙyaure, maigidan yana da rai?"

Amsar tana rubuce a littafin da ke aljihunsa. Nagamine bai ciro shi ba.

"Sai likita ya gama bincike, Mama."

Ta kalle shi har ya kau da ido. Sannan ta rusuna masa sosai.

"Maigidan ya sha faɗa mini ba ka iya ƙarya ba," ta ce.

Ya ja motar ya tafi da Okuda. A madubi yana hango ta tsaye a wurin, ba ta ajiye jakar ba.