Mai Shan Kofi Na Biyu

Hajiya Sailuba ta tsaya a bakin matakalar besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta da ke Woodbridge a Amurka, carbi a hannunta. Yau ma muryar macen nan ce ke tasowa daga ƙasa, siririya, da yaren China. Sai ɗanta Zulkifilu ya amsa mata a hankali, kamar mai lallashin amarya.

Wata biyu ke nan da dawowarsa daga karatun shekara shida a China. Kullum bayan la'asar sai ya sauka da shayi kofi biyu, ya kunna fim ɗaya tak: wata mata da mijinta ya yi nisa, tana jera kwano biyu a ɗaki shiru. Kofunan kuwa duka wayam suke dawowa.

"Innalillahi! Aljanar Sinawa ta aure min ɗa!"

Garin neman mai ruƙiyya zancen ya isa garin Laurel, kunnen Alhaji Sabo, mahaifin Najiba da aka sa musu rana da Zulkifilu. Nan take ya ce a dakatar da biki.

Najiba ta yi kuka har idonta ya kumbura. "Abba, ka ba ni yini ɗaya. In na ga abin tsoro, na haƙura."

Daga asibitin da take aikin nas ta kamo babbar hanya mai lamba 95. Ta tarar gidan Hajiya ya turnuƙe da hayaƙin habbatussauda.

"Kar ki sauka, 'yar nan!" in ji Hajiya.

"Umma, taho mu je tare."

Zulkifilu yana zaune ya kafe tibi da ido, kofi ɗaya a ajiye gefensa yana tururi. Matar fim ɗin ta juyo sak kamar su take kallo, ta yi magana. Ya amsa. Najiba ta yi bisimilla, ta ɗauki kofin ta kurɓa.

"Yaya Zul, me ta ce?"

"Cewa ta yi, ka ci abinci?"

"Shi ke nan?"

"Shekara shida ita kaɗai ke tambayata. In an kira daga gida, sai dai yaushe digiri zai fito. Kofinta ma in ya huce ni nake shanyewa."

Carbin Hajiya ya faɗi ƙasa. Ta zauna a kan matakala tana sheshsheƙa. "Ni ce aljanar ashe! Zulkifilu, ka yafe min..."

Najiba ta kashe tibin. A baƙin gilashin, su biyu suka bayyana a jere.

"To, ka ci abincin?"

"A'a," ya ce, da Hausa.

Hajiya da ƙafarta ta je ta warware wa Alhaji Sabo komai, aka ɗaura aure bayan Sallah. Iyaye, a riƙa tambayar na nesa lafiyarsa kafin takardarsa, don kaɗaici ma shafa yake yi kamar iska.