Wa Zai Amsa wa Baba Beartla?

"Ki yi min magana da Turanci, Nuala, don Allah. Yau ba ni da ƙarfin zama malamin makaranta."

Nuala ta ajiye wuƙar da take fere dankali da ita, ta juyo ta dubi mijinta. Darach yana tsaye a bakin ƙofar kicin, rigar ruwansa tana ɗiga a ƙasa, ko takalmi bai cire ba.

"Tambayarka kawai na yi ko ka ci abinci."

"Na ji ai. Kafin ki gama haɗa maganar har yunwar ta wuce."

"Da kana amsa min, da tuni bakina ya saki. Kowa a garin nan ya haƙura da ni sai kai."

"Da Turanci na ganki, da Turanci na ce ina sonki. Me ya yi zafi yanzu?"

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce.

A Dublin suka haɗu, wajen bikin wata ƙawarta. Ita 'yar birni ce haihuwa da girma. Ta yi Gaeilge, harshen gargajiyar ƙasarsu, a makaranta kamar kowa, ta kuma manta shi kamar kowa, abin da ya rage a kanta bai wuce yadda ake neman izinin zagayawa bayan gida ba. Shi kuwa Darach da shi aka yaye shi, a wani ƙauyen Conamara da ya jingina da teku. Bai taɓa ɗaukar wannan abin tinƙaho ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Sai da mahaifiyarsa ta rasu, suka tattaro suka dawo don kula da tsohon mahaifinsa, Beartla.

Da farko Nuala ta ɗauka surukin nata miskili ne. In ta gaishe shi ya ce yau gari ya yi kyau, in ta kawo shayi ya ce ya gode, shi ke nan an rufe shago. Wata rana tana shanya a tsakar gida ta jiyo shi da maƙwabcinsa, yana zuba kamar an kunna rediyo, yana ƙyaƙyata dariya har da tari. Tana sa ƙafa a ɗakin, sai hirar ta mutu. Maƙwabcin ya juya Turanci, Beartla ya koma kallon wuta.

Mutanen nan kunya ce za ta kashe su. A wurinsu rashin ladabi ne a yi magana gaban baƙo da harshen da ba ya ji, ko da baƙon ya zama ɗan gida. Turancin Beartla kuwa bai taka kara ya karya ba, tsufa kuma yana ta yashe ɗan wanda yake da shi. Wato saboda ita ne dattijo ya zama bebe a gidan da aka haife shi. Ranar ta yi kuka sosai.

Tana da shekara talatin da huɗu ta shiga ajin manya a zauren taron ƙauyen, ta zauna tana maimaita sunayen ranaku kamar 'yar firamare. Bayan 'yan watanni ta tsaya gaban surukinta, ta haɗa maganar da ta daɗe tana bita.

"Baba, daga yau na kurmance. Ba na jin Turanci."

Beartla ya dube ta sama da ƙasa. Sai ya ce da Gaeilge, a hankali, "Wa ya koya miki wannan magana? Kamar mai karanta sanarwar mutuwa a rediyo."

Rabi kawai ta gane, amma ta gane zolaya ce. Daga ranar ya sa ta gaba. 'Yar Dublin yake ce mata. Yana dogara sanda tana biye da shi, yana nuna mata kowace gona da sunanta, kowane dutse a bakin teku da wanda ya taɓa zamewa a kansa. In ta yi kuskure ya riƙe ciki yana dariya, in ta dace ya yi kamar bai ji ba. Ita da ta tashi ba uba, sai ga shi ta samu a inda ba ta nema ba.

Darach kaɗai ya ƙi. Shi ne kuma wanda ta fi son ji daga bakinsa.

Yanzu ga shi tsaye a kicin, fuska a ɗaure, ta san akwai magana.

"Na samu aikin," ya ce. "A Perth, can ƙasar waje, ƙarshen duniya. Ƙarshen wata ake so in fara."

"Wane aiki?"

"Na ma'adinai, wanda na taɓa gaya miki. Shekara biyu kawai, Nuala. Kifi ya ƙare a tekun nan, kin sani. Ga haihuwa tana zuwa. Da me zan riƙe ku, da waƙa?"

Ta dafa cikinta da ya fara turowa.

"Baba fa?"

"Na samo masa gidan tsofaffi a birnin Galway. Wuri mai kyau ne, ga ɗumi, ga likita."

"Akwai mai jin maganarsa a can?"

"Za su kula da shi."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"To ya kike so in yi?" Muryarsa ta tashi, sai ya tuna tsohon yana ɗaki ya sassauta. "Yayyena uku duk sun tafi, babu wanda ya ce musu uffan. Ni ne auta, sai a binne ni da rai a nan?"

Ta bi shi suka je ganin gidan. Ba ta sami abin kushewa ba, ko'ina tsaf, ma'aikatan masu fara'a. Amma a kan hanyar fita ta wuce wata tsohuwa a keken guragu, tana ta maimaita magana ɗaya, wata ma'aikaciya tana shafa mata kafaɗa tana cewa eh, Mama, eh, tana miƙa mata kofin ruwa. Nuala ta tsaya cak. Tsohuwar ba ruwa take so ba. Cewa take a juya ta ta fuskanci taga, tana son ganin ko ruwan sama ya ɗauke.

Nuala ta juya keken. Tsohuwar ta cafke hannunta.

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Surukar Beartla ce, daga yamma."

"Za ki dawo gobe?"

Suka shiga mota suka koma gida.

Ba ta gaya wa Beartla ba, Darach ma bai iya ba. Sai dai a ƙauye magana ba ta kwana. Wata safiya suna tsaye a gonar da ke gangara zuwa teku, iska na kaɗa musu riguna, tsohon ya jingina da katangar dutse ya yi gyaran murya. Abin da ya fito daga bakinsa Turanci ne, guntu-guntu, kamar yana tsinto shi daga ƙasa.

"Ki bi mijinki. Ni tsoho ne. Ba komai."

Rabon da ya yi mata Turanci har ta manta. Ta gane sarai abin da yake yi: mai da ta baƙuwa yake, don tafiyar ta zo mata da sauƙi.

"Ban ji ba, Baba," ta ce da Gaeilge.

"Kin ji."

"Na ce maka na kurmance tun tuni."

Ya ɗaga sanda kamar zai buge ta. Sai ya sauke sandar ya koma harshensa.

"Kan nan naki ya fi katangar nan tauri. Ki saurare ni, 'yar Dublin. Ba zan zama sanadin raba mace da mijinta ba. Harshe ba ya rungumar mutum in sanyi ya yi."

"Wa zai amsa maka in ka yi kira?"

"Allah yana jin Gaeilge."

"Wannan fa?" Ta nuna cikinta. "Wa zai gaya masa sunan gonar nan? Ni da har yanzu kake min dariya?"

Beartla ya juya ya fuskanci teku. Ta daɗe tana kallon bayansa, kafaɗunsa na motsi. Ba ta matsa kusa ba, ta san ba zai so ta gani ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Tana son Darach, so irin wanda in ya makara a teku take kasa haɗiye ruwa. Har kaya ta fara haɗawa. Ta ninke riguna ta zuba a akwati, sai ta jiyo tsohon a kicin yana yi wa kyanwa faɗa a kan madara, ta zauna a bakin gado ta kasa ci gaba.

"Masoyiyata, kar ki yi min haka," Darach ya ce da ya ga ta kwashe kayan, akwatin a buɗe ba komai ciki. Ya durƙusa ya kama hannuwanta. "Harshen kakannina ne fa, ba naki ba. Ni na ce na yafe."

"Shi bai yafe ba, kunya ce kawai. Ka zauna, Darach. Za mu ci abin da ya samu."

"In na zauna zan tsane ku duka. Na san kaina."

"In na tafi ni kuma zan riƙa ganin fuskarsa a taga."

Nan maganar ta tsaya. Babu wanda ya yi laifi, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Ranar tafiya Beartla ya miƙa wa ɗansa hannu a bakin ƙofa, ya sa masa albarka a taƙaice, ya koma ciki. Nuala ta raka Darach inda motar Galway take tsayawa. Ana yayyafi. Ya ajiye jakarsa a kan katanga, ya daɗe yana kallon hanya.

Da ya buɗe baki, sai da ta ɗago ta dube shi. Gaeilge yake yi. Muryarsa ma ta sauya, ta yi ƙasa, ta yi taushi, muryar da ba ta taɓa sanin mijinta yana da ita ba.

"Da Turanci na iya ce miki shekara biyu. Da wannan ba zan iya ba. Ban san ranar dawowata ba, Nuala."

Ta matso kusa da shi.

"Kin sha tambayata me ya sa ba na amsa miki. Da harshen nan aka yi ta gaya min ni ne na ƙarshe, in na tafi gidan ya mutu. Tun ina yaro nake ɗauke da shi. Da na same ki sai na sami inda zan huta, a wurinki ni Darach ne kawai. Ranar da na ji kina hira da Baba kuna dariya, na yi murna, na kuma san na rasa mafakata."

"Don kai na koya," ta ce, hawaye na zuba.

"Na sani, zuciyata. Kin fi ni cancantarsa." Ya ɗora tafinsa a cikinta. "Ki yi masa magana da shi. Kar ki gaya masa shi ne na ƙarshe."

Shekara biyu tana roƙon Allah ya nuna mata ranar da mijinta zai yi mata magana haka ta gane. Ga ranar ta zo, ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mata ba.

Motar ta iso. Ya rungume ta har ta ji zafi, ya shiga, bai waiwayo ba. Ta tsaya har ta daina jin ƙarar injin.

Ta tarar da Beartla zaune gaban murhu, hularsa a gwiwa.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

"Ya yi miki sallama?"

Ta gyaɗa kai.

"Da wane harshe?"

"Da namu."

Tsohon ya rufe ido. Ya ga masu tafiya da yawa a rayuwarsa, ya san irin sallamar da ake yi da wannan harshe. Bai tambaye ta me aka ce ba.

"Namu," ya maimaita a hankali. Ya jawo kujerar da ke gefensa. "Zo ki zauna, 'yata."

Ta zauna ta kifa kai a kafaɗarsa, suka yi kukansu tare.