A Kwamfutata Dai Tana Aiki

A wani gari mai nisa an yi wani mutum mai sha'awar rubuta manhaja. Ya rubuta wadda ke auna abincin kaji, ya sake ta kyauta.

Wata mai kaji ta zo ta ce, "Malam, manhajarka ta ƙi buɗewa, kajina sai ramewa suke."

Ya ce, "A kwamfutata dai tana aiki."

Mai agwagi ma ya kawo kuka. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "A kwamfutata dai tana aiki."

Washegari ya buɗe ƙofa, sai ga rabin gari da tabarmi da tukwane da kaji.

Mai kaji ta ce, "Tunda a taka take aiki, mun tare. Matsa mana."

Kafin azahar ya gyara manhajar, zakara na cara a kafaɗarsa.