Koren Layi a Hoton Amarya

Zulaiha na kwaɓa fulawa da hantsi saƙon ya shigo wayarta daga lambar da ba ta sani ba. Ta buɗe da bayan yatsa. Hoton Hafsat ne, amaryar da ta ɗauka ranar kamu, sanye da jan leshi, kai ba ɗankwali, kafaɗa a waje, tana dariya cikin mata 'yan'uwanta. A ƙasa an rubuta: "Ki bar sana'ar nan kafin Juma'a, in ba haka ba duk Sakkwato za ta ga wannan da sauran."

Sana'arta ke nan a Runjin Sambo, ɗaukar hoton mata a inda namiji ba ya shiga. Gidajen malamai da na 'yan kasuwa na kiranta ne don sun san abin da ta ɗauka ba ya fita. In wannan ya fita, auren yarinyar na iya mutuwa, ita kuma ba ta san inda za ta sa kanta a garin ba.

Abinci ya gagare ta. Mijinta Tambari, mai sayar da yadi, shi ke yi mata tofi a ruwa yana ba ta, yana cewa, "Ki haƙura da aikin kawai, Allah zai buɗa wata hanya." Da saƙo na biyu ya zo ranar Laraba, ta zura hijabi ta ce ita ofishin 'yan sanda za ta. Ya hana, ta ƙi, dole ya ɗauke ta a babur.

A kantar 'yan sandan ta ƙi miƙa wayar. Ta ce ko mijinta ba ta nuna wa hoton ba, ba za ta fara da kurtu ba. Shi ya sa aka kira Sufeto Mariyatu, doguwar mace marar son surutu. Ta shiga da ita ofis, ta bar Tambari a benci.

Mariyatu ta daɗe tana duban hoton. Ba kwafarsa aka yi ba, waya aka sa aka ɗauki allon kwamfuta yana kai.

"Ina hotunan suke?"

"Cikin kwamfutata, ranki ya daɗe. Tsohuwa ce. Ranar da na zuba su, ina gamawa ta mutu, ba ta sake tashi ba. Sai maigidana ya kai wa mai gyara, Jelani, can Ƙofar Atiku."

"Wa ke shiga ɗakin aikinki?"

"Ni, sai Hindu mai lalle, ita ke taya ni zaɓen hotuna."

Suna fitowa Tambari ya miƙe. "Ranki ya daɗe, mi za a tsaya bincike? Mai gyaran nan ne. Kwamfuta ta kwana shagonshi. Ɗiyar mutane, ga jan leshi ga kai buɗe, ya rasa abin wasa sai ita?"

Mariyatu ta dube shi sau ɗaya.

Shagon Jelani ɗan ƙarami ne, ƙaurin dalma ya cika shi. Da ya ji abin da ya kawo Mariyatu, sai ya ajiye sukundireba ya leƙa waje ko wani ya ji. Yana da dalili. Zance irin wannan in ya fasu, kafin a ji ta bakinsa an rufe shi da duka.

"Me ka yi wa kwamfutar?"

"Madabod na sauya, Hajiya. Babban faifan da komai ke maƙale jikinshi. Tsohon ya ƙone."

"Ka kunna ta?"

"Dole in gwada. Amma wallahi ban buɗe hotunanta ba."

"Kowa haka yake cewa. Me kuma ka sauya?"

"Ba komai. Na so in sauya katin hoto, wanda ke aika hoto zuwa allo, ta ƙi. Ta ce da shi ta saba ganin launi. Katin ya tsufa, ita da bakinta ta ce har wani koren layi yake ja. Kuma ba da shi aka kawo kwamfutar ba. Cire shi ta yi ta ɓoye gida, wai masu gyara na musanya kaya. Ranar ɗauka ta zo da shi cikin jaka, na sa shi gabanta, ta ɗauki abarta cikin keke Napep."

"To da me ka gwada?"

"Sabon madabod yana da tashi kafar jona wayar allo. Nan na jona."

Mariyatu ta koma gefe ta ƙara girman hoton. Ga shi kuwa, siririn koren layi a hagu, daga sama har ƙasa, ya ratsa hannun amarya.

Hindu ba ta ci mata lokaci ba. Mariyatu ta same ta a unguwar Gidan Dare tana jego, jaririya a cinya, tukunyar ruwan wanka na tafasa a tsakar gida. Tun kafin kamun Hafsat ta haihu, ba ta taka ƙofar gida ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar Mariyatu ta tara Jelani da Tambari da Zulaiha a ɗakin aikin Zulaihar. Jelani ya tsaya bakin ƙofa. Ta sa shi ya jona wayar allo a kafar madabod, ya kunna. Allo ya fito tas.

"Haka take a shagonka?"

"Haka take."

"Mayar kan katin."

Ya mayar. Koren layi ya miƙe a hagu.

"Zulaiha, dubi hoton da aka aiko miki."

Zulaiha ta duba, ta dubi allon, ta sake duban wayar. "Na daina ganin layin nan tun tuni," ta ce a hankali. "Ido ya saba."

"Duk ɗan gidan nan ya daina ganinsa. Wanda ya ɗauki hoton ma bai gan shi ba. Katin bai taɓa kwana a shago ba, ke nan ba can aka ɗauka ba. Kafin gyara kwamfutar a mace take. Bayan gyara aka ɗauka, a ɗakin nan, daga kujerar nan." Mariyatu ta juya ga Jelani. "Tafi abinka."

Bai jira a maimaita ba.

"Malam Tambari, ka san an cire katin kafin ka kai ta gyara?"

"Ban sani ba."

"Na yarda. Da ka sani, da ba ka jingina wa mai gyara laifin ba. Matarka ta nuna maka hoton?"



"Ban nuna mashi ba," in ji Zulaiha.

"To ina ka ga jan leshi?"

Mariyatu ta karɓi wayar Zulaiha ta danna lambar da ke aiko saƙon. Can waje, cikin akwatin babur ɗin Tambari da ke zaure, wata waya ta fara kuka. Ba wanda ya motsa har ta katse.

Tambari ya zauna bakin tabarma. "Kasuwa ba su da zance sai nawa. Wai matata na yawon biki da kyamara, wai ita ka ciyar da ni. Na yi mata magana ba ta ji ba. Wallahi ban yi niyyar watsa hoton kowa ba. Tsorata ta kawai na so in yi."

Zulaiha ta ja baya har bayanta ya taɓa bango. Ba ta yi kuka ba. Tsoron da ta kwana da shi duk makon bai tafi ba, sai dai yanzu ta ga mai shi, kuma fuskar da take gani kullum ce.

Mariyatu ta aika aka ɗauko wayar, ta ce hotunan ba za su fita daga hannunta ba sai gaban alƙali, kuma ba namijin da zai gani. Sannan ta ce wa Tambari ya tashi.

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Zulai, ki ce wani abu."

Idonta na kan kofin silba da ke gefen kwamfutar, da sauran ruwa a ciki.

"Kai kake yi mani tofi," ta ce. "Kana kallo ina sha."