Abin Da Aka Gani A Tumbin Zulkiflu

"Kada ki ƙara ɗora masa tukunya a gidan nan!"

Inna ce, mahaifiyar mijina Zulkiflu, tsaye a ƙofar kicin ɗina. Daga ɗaki ina jiyo kakarin amansa.

"Inna, me na yi?"

"Ke kika sani! Yaro lafiyarsa ƙalau, daga kawo ki duk ya zube. In mallaka kike nema ai kin samu, sai kin kashe min shi?"

Zulkiflu ya fito yana dafa bango. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Naja'atu... ki yi haƙuri mu bi yadda Inna ta ce. Na ɗan lokaci ne."

Tun daga ranar abincinsa daga sashen Inna yake fitowa, nawa kuwa in dafa in ci ni kaɗai. Kafin ka ce me, duk layinmu a Tudun Wada an ji cewa amarya na yi wa miji barbaɗe a abinci. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya har gida. Abin haushi, tuwon Innar ma dawo da shi yake yi, sai a ce ai tsohon barbaɗen ne bai gama fita ba. Na yi kuka har kukan ya gundure ni. Ranar da na haɗa kayana na tafi gidanmu a Hanwa, ba wanda ya ce min zauna.

Ina can Zulkiflu ya kira ni a waya.

"Naja tawa, gobe za a leƙa cikina a asibiti. Tsoro nake ji. Don Allah ki zo."

Na so in ce a'a, wallahi na so. Amma zuciya ba ta da kunya, da safe na riga shi da Inna isa asibitin.

Ni da Inna muka zauna a benci ɗaya, kowa na kallon gabansa. Da aka gama, likitar ta kira mu ciki. Dakta Adaeze sunanta, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar Bahaushiya. Zulkiflu na kwance, allurar da aka yi masa ba ta gama sakinsa ba.

"Siririyar roba mai kyamara muka zura ta bakinsa har tumbi," ta ce, ta nuna hoto a allon na'ura. "Mama, kin ga wannan ɗan tudun mai lotsawa a tsakiya, kamar cibiya?"

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Shi ne abin da aka ba shi ya ci?"

"Ba a ba shi komai ba. Akwai wani sashe a bayan tumbi, fankiriyas muke ce masa, yana taimakon narka abinci. Ɗan guntun namansa ne ya ɓata hanya ya tsiro a nan, daidai ƙofar da abinci ke wucewa zuwa hanji. Da ya kumbura sai ya tare hanya. Mun ɗebi kaɗan za a auna don a tabbatar, amma kamanninsa ba su nuna mugun abu ba. In ta kama, a cire shi."

"To wa ya sa masa?"

"Da shi aka haife shi, Mama. Tun yana cikinki. Yana yaro ba ya ciwon ciki?"

Inna ta ce, a hankali, "Yana yi... Nakan jiƙa masa kanwa."

Sai ta zauna daɓas a kujera. Na zaci zan ji daɗi. Ban ji komai ba sai gajiya, irin ta wanda ya sauke tulu bayan wuya ya riga ya ƙage.

A bakin asibiti Inna ta gyara mayafi ba tare da ta dube ni ba.

"Gobe Alhamis, ina azumi. Ki dama min kunun shan ruwa... 'yata."

Na san iyakar ban haƙurin da za ta iya ke nan, kuma na karɓa. "To, Inna."

Zulkiflu ya kamo hannuna, idonsa ya cika da hawaye.

"Kin gani, hasken idona? Gaskiya ta fito. Mu tafi gida."

Na daɗe ina kallonsa. Har yanzu ina sonsa, shi ya fi komai ciwo.

"Inna tsoron rasa ɗanta ta ji, ita na fahimce ta. Kai fa? Kai da muke kwana ɗaki ɗaya, sai da aka zura maka kyamara har ciki kafin ka yarda da ni?"

"Naja, don Allah..."

Na zare hannuna, na tsayar da Keke Napep.

"Kunun Inna zan dama, daga Hanwa zan aiko. Kai kuma ka warke tukun. Ni ban warke ba."