Zanen Shuni a Rumfar Maharazu

"Tsafi ne! Wallahi tsafi ne, jama'a!"

Muryar Falalu ce, babban ɗalibin mahaifina, ta doki kunnena tun daga bakin kasuwar Dutse.

Na dire tiren dabinona, na kutsa cikin taron.

Ga Maharazu, saurayina, tsaye a rumfarsa, hannuwansa baƙi ƙirin da rini. A bayansa ƙyallaye fiye da ashirin na rataye. Shekara uku yana zana su da shuni zalla a kan farin saƙi. Babu mutum a ciki, babu dabba, sai layuka da da'irori, wani wuri duhu, wani wuri haske-haske.

Yau ce ranar farko da ya fito da su idon jama'a.

Tsautsayi ya sa Baturen da ke zagayen ƙasa ya tsaya da dokinsa, ya daɗe yana kallo, har ya ce ta bakin tafinta yana so a kai su Kano a rataye, 'yan'uwansa su gani.

"Kun ji ko?" in ji Falalu. "Hatimi yake zana wa Nasara! Shekara nawa da suka ci Kano, har ya zama nasu?"

"Ƙarya kake yi!" Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba.

Ya juyo yana murmushin mugunta. Sau biyu yana neman aurena ina ƙi.

Kafin la'asar zancen ya isa zauren Baba, Malam Sharhabilu. Ya sa aka kira Maharazu, ina bayan ƙofa na ji hukuncin.

"Ɗan nan, na yi maka alkawarin Mu'minatu, amma ba zan haɗa zuri'a da abin zargi ba. Ka kawar da zanen nan, ko ka kawar da ƙafarka daga gidana."

"Allah gafarta Malam, ado ne kawai..."

"Na gama magana."

Da Maharazu ya fito na tare shi a gindin dabinon ƙofar gida, hawaye na zuba.

"Kada ka taɓa su, masoyina... Ranka ne a cikinsu!"

"Ke ce raina, Mummina."

"Za ka tsane ni wata rana."

Ya sunkuyar da kai ya tafi.

Washegari da hantsi ƙawata Fatsuma ta faɗo gidanmu tana haki.

"Maharazu na marina, yana tsoma su a karofi!"

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na ji Baba na ƙwala mini kira, ban waiwaya ba.

Na iske shi durƙushe a bakin ramin. Ya ɗauki ƙyalle, ya dube shi, ya nutsa. In ya ɗago, zanen ya ɓace, shuni ya cinye komai.

Saura guda ɗaya tak.

Na fizge shi na rungume a ƙirjina.

"Ban da wannan! Sai dai ka tsoma ni tare da shi!"

"Mu'minatu!"

Baba ne, ya biyo ni da sandarsa, Falalu na bayansa. Marina duk suka miƙe.

Na durƙusa, na shimfiɗa ƙyallen a gabansa.

"Baba, don Allah ka duba da kyau. In tsafi ne, ni zan jefa shi da hannuna."

Ya yi kamar ba zai duba ba. Sai ya sunkuya.

Ya ƙura wa zanen ido.

"Ina ka samo wannan?" ya tambayi Maharazu, muryarsa ta sauya.

Ni na amsa. "Zanen bangon ɗakin Inna ne, wanda ta yi da yatsunta. Tun da damina ta rushe ɗakin bayan rasuwarta nake tsoron in manta shi. Na zana masa a ƙasa da tsinke, shi kuma ya ɗora a ƙyalle."

Baba ya shafa layukan a hankali. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Malam, ai wannan ma..." Falalu ya fara.

"Rufe mini baki! Ashe hannun matata Maijidda kake kira tsafi? Na saurare ka ban bincika ba. Allah ya yafe mini."

Falalu ya sulale, ba wanda ya bi shi da kallo.

Baba ya dubi ƙyallayen da aka shanya, duk sun zama shuɗi bai ɗaya. Ya girgiza kai.

"Ɗan nan, na cuce ka. Ba ni da abin da zai dawo da su. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Ya naɗe ƙyallen Inna ya tafi da shi a hammata.

Na juya ga Maharazu. Yana zaune a ƙasa, idonsa a kan igiyar shanya, shuni na ɗiga daga yatsunsa.

"Za ka sake zanawa, abin ƙaunata?"

Ya dubi yatsunsa.

"Ban sani ba, Mummina. Wasu na manta yadda na fara su."

Na zauna kusa da shi a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

"To, zan jira."